Hannun Da Ba A Miƙa Ba

Tun da motar ta sauka daga kwalta ta kama sawun tayoyi a cikin ciyawa, gaban Nandin bai daina faɗuwa ba.

Ba hanyar ce ta ba ta tsoro ba. Duk damina haka Baba yake kwaso su daga Ulanbator da tanti da tukwane, ya zaga da su tsofaffin wurare, yana tuƙi yana zuba tarihi ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ta san farar ganuwar tsohon gidan ibadar Erdene Zuu kamar katangar gidansu. Kunkurun dutsen nan na Kharkhorin kuwa har hoto gare ta a gefensa, tana dariya da giɓi a baki.

Abin da ya hana ta sakat shi ne farar motar Ganzorig da baffansa da take biye da su, da kuma maganar da kakarta ta raɗa mata da safe a gindin ganuwa.

"Kin ga tsohon nan Purev, baffan Ganzorig? Dubi ƙirjin rigarsa da kyau. Hadak ne a ciki, shuɗin alharini, sabo fil. Na ga bakinsa da idona lokacin da ya sunkuya karɓar shayi."

"Haba Kaka. Wa yake irin wannan tafiya babu hadak? Ƙila a wurin ibada zai ɗaura."

"Yi ta yaudarar kanki, ja'ira. Ƙyallen da za a ɗaura wa dutse ba a lallaɓa shi haka. Na nema wa Ganzorig aurenki ne. Ubanki ya ce su kawo masa gobe, a kwarin da aka haife shi."

Nandin ba yarinya ba ce. Likitar haƙori ce mai cin gashin kanta a birni, babu mai ɗaure ta ya kai ta gidan wani. Amma ta san ubanta. Idan ya buɗe hannuwa biyu ya karɓi ƙyallen nan a gaban mutane, ya ba da magana ke nan, kuma ubanta Chuluun bai taɓa lashe amansa ba. Daga ranar zaɓinta biyu ne, ko ta bi maganarsa ta rabu da saurayinta Ider, ko ta tsinka shi a idon jama'a ta rasa uba.

Shi ya sa ta laɓe a bayan ganuwa ta kira Ider a waya tana haɗiye kuka. Bai bari ta ƙarasa ba.

"Ina za ku daga nan?"

"Gidan ibadar Tovkhon."

"Ga ni nan zuwa."

Yanzu kuma ita ce ta rasa abin da ta fi tsoro, ya zo ko kada ya zo.

Laifin Ider ɗaya ne a wurin Baba, injiniyan haƙar ma'adinai ne. Rafin da Baba ya yi wanka a ciki yana yaro ya ƙafe ƙurmus bayan masu neman zinariya sun farke kwarin. Lokacin da aka yi wannan ɓarna Ider yana ɗan makaranta, kuma shi jan ƙarfe yake haƙa, ba zinariya ba. Amma je ka gaya wa Baba. Mutumin da har gobe takalmin gargajiya mai ɗagaggen baki yake sawa don kada yatsansa ya soki ƙasa, wa zai zaunar da shi ya rarrabe masa mahaƙa?

Da rana ta take suka iso kan tudu, inda obo yake tsaye, tsibin duwatsu mai tsawo da shuɗɗan ƙyallaye suna kaɗawa a jikin sandunansa. Masu sauri ƙaho kawai suke dannawa su wuce. Baba yana kiran wannan rashin tarbiyya, don haka ya tsaya, farar motar ma ta tsaya.

Ganzorig ya fito yana miƙa. Ƙaton mutum ne, ɗan kokawa da ya ci laƙabin Giwa a lardinsu, kuma Baba a kan kokawa yana iya mantawa da abinci.

"Likita, hanya ta jijjiga miki haƙora ko?" ya ce yana dariya. "Da motata kika shiga, da ko shayi kika riƙe ba zai zube ba."

"Na gode Yaya Ganzorig. Na saba da ta Baba."

"Za ki saba da tawa ma."

Kaka ta harare shi ta gefen ido. "Kai dai ɗauko mini dutse mai ɗan nauyi in jefa, tun da ƙarfi ya yi maka yawa."

Ta yayyafa madara sama tana motsa baki. Suka fara zagaya obo ta hannun dama, kowa da duwatsunsa. A zagaye na biyu ne Nandin ta jiyo kukan inji daga ƙasan tudu. Wata mota ce ta yi kaca-kaca da laka, tana hawowa bakin rai bakin fama. Tun kafin ta ga fuskar direban ta san Ider ne.

Ider ya fito da kayan aiki a jikinsa, da ƙaton takalminsa mai ƙarfe a baki. Ko canza shi bai tsaya yi ba, yaron nan. Ya cire hula ya rusuna.

"Barka da hanya, Baba. Kuna shan damina lafiya?"

Baba ya yi masa kallon hadarin kaji.

"Ban haife ka ba."

"Barka da hanya, Kaka."

"Barka dai ɗan nan," in ji Kaka da sauri. "Ɗauki dutse ka zagaya, ba a tsayawa surutu a nan."

Ya ɗauka ya bi bayansu. Babu mai iya korar mutum daga obo, ko Baba. Sai ya haɗe rai ya ci gaba da tafiya, wuyansa a sandare.

Abin ya faru ne a zagaye na uku. Baba ya ja da baya don ya jefa dutsensa can sama, bai san Ider yana dab da shi ba. Dugadugin takalminsa ya sauka a kan ƙafar saurayin.

Kowa ya gani. Ko yaron da aka yaye jiya ya san abin da ake yi. Ka taka ƙafar mutum, ka kama hannunsa nan take, ko a kasuwa ne, ko ba ka taɓa ganinsa ba. Idan ka ƙi, ka ɗaura gaba da shi ke nan.

Ider ya miƙa hannu tun kafin Baba ya gama juyowa.

Baba ya dubi hannun. Ya dubi takalmin mai bakin ƙarfe. Sannan a hankali, don kowa ya shaida, ya cusa hannunsa na dama cikin ɗamararsa.

"Chuluun!" Kaka ta dafe ƙirji. "Kama hannun yaron nan!"

"Inna, shiga mota."

"A gaban obo? Muna kan hanyar hawa dutse mai tsarki za ka ɗaura gaba? Kana so iskoki masu ƙasa su bi mu?"

"Masu ƙasa sun san wanda yake farke musu ciki. Ba ni ba ne."

"Baba, don girman sama," Nandin ta ce. "Hannu ne kawai."

"Na san hannu ne. Shi ya sa."

Ya wuce mota. Baffa Purev ya sunkuyar da kai yana shafa ƙirjin rigarsa. Ganzorig ma dariyarsa ta ɗauke, don ko a filin kokawa bai taɓa ganin irin wannan ba. Ider kuwa yana nan tsaye da hannu a miƙe, ya ma manta bai sauke shi ba.

A cikin mota tsit kake ji, sai ƙarar carbin Kaka. Nandin ta jingina kai da gilashi hawaye yana bin kuncinta.

Ita fa da wannan al'ada ta girma a hannun mutumin nan. Shekarar da mahaifiyarta ta rasu, Baba ya daina magana, ya daina dariya, sai ya zauna a bakin gado yana kallon bango. Ita kuwa 'yar ƙarama ce, ta rasa yadda za ta sa ya dube ta. Ran nan sai ta je ta taka masa ƙafa da gangan. Ya firgita, ya kama hannunta. Ta sake takawa, ya sake kamawa. A karo na uku ya yi dariya yana kuka, ya rungume ta. Tun daga nan abin ya zama wasansu. Har ta shiga jami'a, idan ta ga ransa a ɓace sai ta taka shi, ya ce, "Wannan 'yar za ta ƙarar mini da takalmi," yana riƙe da hannunta.

Yau ga shi ta ga wannan hannun ya shige ɗamara.

Ta waiga. Farar mota tana biye, motar laka tana bayanta. Can sama da duwatsun Khangai kuma hadari ya fara haɗuwa, baƙi ƙirin.

"Ka gani ko?" in ji Kaka a hankali. "Da safe ko ɗigon gajimare babu."

"Damina ce, Inna."

"Damina ce, damina ce. Ni dai jikina bai ba ni ba."

A gindin dutse suka ajiye motoci, don daga nan sai ƙafa ko doki. Aka ɗora Kaka a kan wani doki mai sanyin hali, Ganzorig ya kama linzami. Baba da Baffa Purev suka shige gaba cikin kurmi. Nandin ta yi kamar tana gyara takalmi har suka ɓace a bayan itatuwa.

Ider ya ƙaraso. Fuskarsa ta yi fari fat.

"Me ya sa ka zo da wannan takalmin?" Abin da ya fara fitowa daga bakinta ke nan, sai kuka ya ci ƙarfinta.

"Daga bakin rami na taho, Nandin. Kin ce gobe. Ban tsaya tunanin takalmi ba."

"Ka koma. Na roƙe ka, ka koma."

"Ke kika kira ni."

"Na kira ka, kuma na yi kuskure. Ka ga abin da ya yi. Babana bai taɓa hana kowa hannu ba, ko maƙwabcinmu da ya kashe masa kare. Yanzu ko ya so janyewa ba zai iya ba, an gani."

"To in koma in yi me? In zauna a bakin rami ina jiran a kira ni a ce an karɓi hadak?"

"Ban sani ba! Ban san komai ba!"

Ya kama kafaɗunta.

"Saurara. Na gaya miki zan bar aikin. Zan nemi koyarwa, zan sayar da taya, ko mene ne. Ki bar ni in gaya masa yau."

"Ka bar aikin da ƙannenka suke karatu da shi? Mahaifiyarka ta tsine mini? Kuma kana tsammani zai ji? Cewa zai yi ramin da ka riga ka haƙa fa, wa zai cike?"

Ya saki kafaɗunta. Iska ta taso ta kaɗa kawunan itatuwa, ƙanshin ruwa ya cika kurmin.

"Nandin, ki gaya mini gaskiya. Idan ya karɓa gobe, za ki bi?"

Ta rufe fuska da tafukanta.

"Shi kaɗai gare ni, Ider. Shi ya yi mini kitso ina firamare, kitson da 'yan aji suke yi mini dariya. Shi ya sayar da dawakin gadonsa na yi karatu. Likita ya ce zuciyarsa ba ta son tashin hankali. Idan na kunyata shi ya faɗi, da wane ido zan dube ka? Kullum na kalle ka gawarsa zan gani."

"Ni kuma fa?"

"Kai kuma idan na rabu da kai, ban san wadda za ta shiga gidan Ganzorig ba, amma ba ni ba ce. Ina son ka. Ina son ka har tsoro yake ba ni. Ka ji abin da kake son ji?"

"Na ji." Ya share mata hawaye da bayan hannu. "Amma ba ki amsa mini ba."

Kafin ta buɗe baki sai suka ji gyaran murya. Ganzorig ne tsaye a kan hanya, ya tare ta kaf da faɗin ƙirjinsa. Ya bar dokin Kaka a hannun baffansa ya dawo.

"Likita, Baba yana nemanki."

"Ina zuwa, Yaya."

"Ya ce yanzu." Ya juya ga Ider. "Kai kuma ɗan'uwa, ba ni da faɗa da kai. Abin da aka yi maka a obo bai yi mini daɗi ba, na rantse. Amma ka san garinmu kaf an san abin da ya fito da ni. Innata ta riga ta ware tumakin biki. Ni idan aka kayar da ni a fili, nakan bi ta ƙarƙashin hannun wanda ya kayar da ni in tafi gida, babu gaba. Wannan kuwa ba fili ba ne. Ba zan koma garinmu hannu rabbana a yi ta nuna ni da baki ba."

"Ita ka tambaye ta?" in ji Ider.

"Na tambayi ubanta. Haka aka koya mini." Ya matsa gefe kaɗan, daidai wucewar mutum ɗaya. "Wuce, likita. Kai kuma ka bi a hankali, duwatsun sama suna da santsi idan aka yi ruwa. Mai baƙin jini a wurin masu ƙasa bai kamata ya matsa bakin gaɓa ba."

Ko shawara ce, ko gargaɗi, Nandin ba ta iya rarrabewa ba. Ta wuce.

Da suka fito daga kurmi, ga ƙananan ɗakunan ibada manne a jikin dutse, sama ta yi duhu a kansu kamar an kifa tukunya. Wani lama, malamin ibadar wurin, ya leƙo ya dubi hadarin, ya ce masu hawa kogo su yi sauri ko su haƙura.

Kaka ta ce a haƙura. Baba ya ce ba a taɓa yi ba.

"Duk zuwanmu sai Nandin ta shiga kogon Cikin Uwa. Bana ma ta fi bukata. Ta shiga ta fito sabuwa, ta bar shirmen birni a ciki."

Suka hau, suna dafa dutse da hannu da ƙafa. Kaka ta ƙi zama, Ganzorig ya kusa ɗaukarta cak. A ƙasan kogon akwai ɗan fili mai faɗin tabarma biyu, bayansa kuwa babu komai sai iska da kawunan itatuwa can ƙasa. Nandin ta leƙa sau ɗaya ta ga Ider yana hawowa shi kaɗai, dab da gaɓa. Ba ta sake iya leƙawa ba.

Kogon rami ne matsattse. Da rarrafe ake shiga, a juya a can ciki, a fito da kai kamar ranar haihuwa. Ta sha shiga tana dariya. Yau da ta cusa kafaɗunta, sanyin dutsen ya ratsa ta har ƙashi.

Ta kai ƙarshe ta fara juyawa, sai aradu ta faɗi.

Dutsen gaba ɗaya ya amsa. Ta ƙwalla ƙara, gwiwarta ta maƙale, numfashinta ya sarƙe. Duhu gaba, duhu baya. Ta ji kamar dutsen yana matso ta. A ranta ta ce shi ke nan, masu ƙasa sun kama ni, gabar da Baba ya ɗaura a kaina za ta ƙare. Sai wani tunani da ya fi wannan muni ya zo mata, Ider yana bakin gaɓa lokacin da aradun ta faɗi, Ganzorig kuma yana kusa.

"Nandin!" Muryar Baba ce, a firgice. "Ɗiyata! Saki jikinki, juyo a hankali. Ga ni nan, ga hannuna."

"Nandin!" Wata muryar daga ƙasa. Yana raye.

Ta rufe ido ta saki numfashi, gwiwar ta zame. Ta rarrafo zuwa haske, kuma kafin kanta ya fito ta riga ta san abin da za ta yi. Sanin bai rage mata tsoro ba, ƙara shi ya yi.

Baba yana bakin kogo da hannu a miƙe, kamar kowace shekara. Ba ta kama ba. Ta dafa dutse ta sauko da kanta, ta tsaya a gabansa, laka a goshinta. Yayyafi ya fara sauka. Ider ya iso bakin filin ya tsaya, Ganzorig yana gefensa.

"Kin tsorata ko?" in ji Baba yana ƙoƙarin murmushi. "Ni ma na..."

Ta ɗaga ƙafarta ta ɗora a kan takalminsa mai ɗagaggen baki. Ta danna.

Fuskar Baba ta saki. Har ya fara cewa, "Wannan 'yar za ta ƙarar mini da..." yana miƙo hannu.

Nandin ta mayar da hannuwanta biyu baya ta sarƙe yatsunta.

Maganar ta mutu a bakinsa.

"Ke!" Kaka ta yi ƙara. "Kin haukace? Ubanki ne! Kama hannunsa, kama maza!"

"Ba zan kama ba, Kaka."

"Nandin, kada ki yi haka saboda ni," in ji Ider. "Na roƙe ki."

"Yi shiru, Ider." Ba ta ɗauke ido daga kan ubanta ba, hawaye da ruwan sama sun haɗu a fuskarta. "Baba, akwai hannun da ka bari a obo. Ga mai shi nan tsaye. Ka kama nasa, in kama naka. Ban ce ka ba shi ni ba. Ban ce ka so shi ba. Ka dai kwance gabar nan kafin mu sauka daga dutsen nan."

"Ni kike wa sharaɗi?" Muryarsa ta dushe.

"Kai ka koya mini ba a barin hannu a miƙe. Kai ka koya mini, ina 'yar ƙarama."

"Kin san abin da kike yi kuwa? Kin san ma'anarsa?"

"Na sani, Baba. Tsoro kamar zai kashe ni. Amma na sani."

Aka sake walƙiya. A cikin haskenta ta ga ubanta ya tsufa. Leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi, irin yadda likita ya ce a kula. Ya dubi Ider, ya daɗe yana dubansa, har Nandin ta ga kafaɗarsa ta fara juyawa wajensa. Sai idonsa ya sauka a kan takalmin mai bakin ƙarfe, ya dawo da fuskarsa.

Ya miƙo mata hannu na biyu. Duka biyun a buɗe, tafuka sama. Chuluun da bai taɓa roƙon kowa ba.

"Ɗiyata. Kada ki yi mini haka a gaban mutane. Ni da ke ne fa kawai."

Yatsunta suna ciwo a bayanta don matsa. Ta girgiza kai.

A nan ne Baffa Purev ya motsa. Tsohon nan tun safe bai ce uffan ba, ashe lissafinsa yake. Ya ga kafaɗar da ta fara juyawa, ya san idan aka kai gobe ƙila babu abin da zai kai gida. Ya zura hannu a ƙirjin rigarsa ya zaro hadak, ya warware shi, shuɗin alharinin ya kaɗa a iska.

"Chuluun, ba zan iya ganin hannunka a buɗe haka a gaban yara ba," ya ce cikin ladabi. "Yau da gobe duk ɗaya ne, kuma babu wurin da ya fi nan tsarki. Mun zo neman 'yarka wa ɗanmu."

Ya rusuna, ya shimfiɗa ƙyallen a kan tafukan Baba guda biyu.

"Baffa, ba yanzu ba!" Ganzorig da kansa ya faɗa. Amma an riga an ɗora.

Kaka ta zube zaune a kan dutse. Ider ya yi taku ɗaya, Ganzorig ya tare shi da hannu.

Baba bai dubi ƙyallen ba, bai kuma rufe yatsunsa a kansa ba. Bai karɓa ba, bai yar ba. Idonsa yana kan 'yarsa, hannuwansa suna nan a miƙe gare ta, sai dai yanzu alharini ya lulluɓe su, ruwa yana jiƙa shi yana manne shi da fatarsa.

Sai a lokacin Nandin ta gane abin da ta jawo. Ita ta bar hannun a buɗe har aka sami wurin ɗorawa. Idan ta ci gaba da ƙi, ta ɗaura gaba da ubanta a kan dutse mai tsarki, ga leɓɓansa suna ƙara shuɗi. Idan kuwa ta kama, babu ta inda za ta taɓa hannun ba tare da ta kama hadak ɗin Ganzorig ba, a gaban shaidu.

"Nandin," in ji Baba, da ƙyar ake jin sa. "Hannuna ya gaji."

"Nandin," in ji Ider daga bayanta.

Ta ji yatsunta sun fara saki ɗaya bayan ɗaya, ba da izininta ba, kamar yadda suka saba tun tana 'yar ƙarama.